Reshen Malama Winifred

Jama'a, a gyara zama. Mai hula ya dafe hularsa, mai keke ya kashe inji. Ga Baba Othniel Dogara, Sarkin Leda na bakin titin Samaru, uban dashe dubu marasa gida, mutumin da ya ɗaura aure fiye da fastoci da limaman Zariya a haɗe, amma ko alewar biki ba a taɓa aiko masa ba. Don shi auren bishiya yake yi. Ya yanko reshen mangwaro mai daɗi, ya tsaga ɗan dashen mangwaron gida mai zare, ya cusa wannan cikin wancan, ya ɗaure da leda, su haɗe su zama abu ɗaya. Iyakar sarautar ke nan. Fadarsa kuwa wani siririn fili ne tsakanin kwata da kwalta, inda ya jera dashe cikin baƙaƙen ledoji, sai benci guda mai ƙafa uku, dutse ya cike ta huɗun.

Shekarunsa hamsin da takwas, amma gwiwoyinsa sun girme shi da kamar ashirin. Kullum da sassafe yana jan wani tsohon tiyo mai faci tara daga rijiyar gidan hayar ɗalibai, ya bi layi-layi yana ban ruwa, ga mangwaro, ga lemo, ga gwaiba, ga furanni. Ɗalibai su zo da gayunsu su tsuguna cikin furannin su ɗauki hoto, su ce "Baba sannu da aiki", su wuce ko ganye ba su saya ba. Ba ya korarsu. Kora ma ƙarfi take so.

Mu maƙwabtansa na bakin titi, da ni mai rumfar cajin waya da mai faci da mai shayi, duk mun haddace farkon maganarsa. Ka tambaye shi ko yau za a yi ruwa, sai ya ce, "Malama ta ce..." Ka tambaye shi maganin basir ma, sai Malama ta fara cewa wani abu tukuna. Matarsa Diana, mai sayar da kunun zaki a ƙofar gidansu, ta ce shekara talatin tana zaune da mutumin da ba ya buɗe baki sai da izinin wata malamar firamare.

Malamar ita ce Winifred. A shekarar 1977 Othniel yana aji biyar a wata makarantar firamare ta mishan a Sabon Gari, yana zaune a bencin ƙarshe, inda ake ajiye waɗanda aka riga aka yanke ƙauna da su. Lissafi ya shiga ta kunnen dama, ko hutawa ba ya yi yake fita ta hagu. Bulala kuwa ya sha ta har ta gaji. A lokacin nan aikin gona ba darasi ba ne a wurin sauran malamai, horo ne. Ka makara, a ba ka fartanya. Malama Winifred kaɗai, wata gajeriyar mace daga duwatsun kudancin Kaduna, ta ɗauke shi da gaske, har ana yi mata dariya a ofishin malamai.

Wata rana bayan hutu ta shigo aji ta buɗe jakarta, ta fito da wani abu naɗe cikin jiƙaƙƙen tsumma. Reshe ne guda, daga mangwaron gidan kakanta. Kafin ta yarda kowa ya taɓa shi, ta raba wa yara arba'in reza da tsinken darbejiya, ta ce kowa ya fere mata bakin kamar harshen tsuntsu. Ta bi tana dubawa tana zubarwa. Da ta zo bencin ƙarshe sai ta ɗaga wani ta kalle shi a hasken taga.

"Wa ya yanka wannan?"

Othniel ya miƙe yana shafa mazaunai, don ya san inda irin wannan tambaya take ƙarewa.

"Kanka ba ya riƙe lissafi," in ji ta, "amma hannunka ba ya rawa. Biyo ni."

A bayan ajin akwai wani ɗan mangwaron gida da ya tsiro da kansa. Ita ta riƙe, shi ya tsaga, ya fere reshen kakanta da ja ɗaya, ya cusa, suka ɗaure da igiyar rama, suka ɗiga kakin kyandir. Bayan mako uku abin ya yi toho. Tun da uwarsa ta haife shi, ranar ce aka fara kiran sunansa a gaban makaranta ba don a kwantar da shi ba.

Dokokinta kaɗan ne, kuma bai taɓa karya ko ɗaya ba. Dashe ya kai kaurin fensir. Yanka sau ɗaya, ban da gyara. Kada yatsa ya taɓa inda aka yanka. Babbarsu kuwa ita ce wannan. Reshen da za ka yanko, ka fara tsige masa ganye yana jikin uwarsa, ka ɗaura masa jan ƙyalle don ka gane shi cikin kore, ka bar shi kwana goma idanunsa su kumbura. "Bar shi ya farka a gidansu," haka take cewa. "Mai gaggawa sanda yake dasawa."

Sauran rayuwar ba ta da wani armashi. Ya taɓa sakandare aji biyu, ta gaji da shi, shi ma ya gaji da ita, suka rabu ba faɗa. Ya yi shekara goma sha tara yana leburanci a wata gonar gwaji a Samaru, masu digiri suna rubuta takardu a kan bishiyoyin da hannunsa ya haɗa. Da aka zo rage ma'aikata sunansa na farkon takarda. Ya dawo bakin titi. Malama kuwa ta yi ritaya ta koma garinsu, ta rasu a 1999, sai bayan wata uku ya ji a bakin wani a coci. Wanda ya faɗa masa ya ƙara da cewa mangwaron gidan kakan nata ma an daɗe da yin gawayi da shi.

Saura guda ɗaya ke nan, na bayan aji biyar, wanda yaran makarantar suke kira Ɗan Malama ba tare da sun san wace malama ba. 'Ya'yansa ƙanana ne, fata kore ko sun nuna, ba zare, ga wani ƙanshi kamar an haɗa shi da lemon tsami. To ina laifin sarkin aure ya yi ta yaɗa shi? Ya yi a farko. Amma masu saye suna suke saye. Mai mota ya tsaya ya ce a ba shi dashen mangwaro Juli ko Fita, ka ce masa ga Ɗan Malama, ya kalle ka kamar ka ce ya auri wadda ba a san gidansu ba. 'Yan kaɗan da ya sayar shekaru ashirin da suka wuce, motoci sun tafi da su, bai san ina ba. Sai ya bari. Ai bishiyar tana nan. Duk watan Afrilu yakan je ya tsinki ɗaya, ya sha a tsaye, ya goge baki ya dawo.

A Afrilun bana, ranar wata Lahadi, Diana ta dawo daga zumuntar mata tana kwance ɗankwali.

"Baban Peculiar, ka ji makarantarku za ta yi bene?"

"Allah ya sa alheri."

"A bayan aji biyar za a yi shi. An ce har an kawo yashi."

Ya ajiye cokalin da ke hannunsa. Ita kuma ta ci gaba da ninke ɗankwali kamar ba ita ta yi magana ba, don ta san abin da ta jefa.

Washegari da la'asar ya hau keke napep zuwa Sabon Gari. Yara sun tashi, sai magina suna auna fili da igiya, kuma bishiyar tana tsakiyar igiyar daidai, ta yi nauyi da 'ya'ya. Ɗan kwangilar, Nwankwo, haifaffen Sabon Gari ne, Hausarsa ta fi ta wasu masu rawani. Ya saurari Baba Othniel yana danna waya.

"Baba, kana so in matsar da bene saboda mangwaro?"

"A'a, Injiniya. Kwana goma nake roƙo. In tsige ganye, reshe ya farka, in yanka, sannan ku yi abin da za ku yi."

"Reshe ya farka? Barci yake yi?"

"Malama ta ce..."

"Baba, ni malamina ruwan sama ne. In ya sauko ban haƙa fandisho ba, rijiya zan gina wa mutane." Ya sosa ƙeya, ya dubi tsohon, ya dubi silifas ɗinsa da aka ɗinke da waya. "Bakwai. Litinin mai zuwa mai injin yankan itace zai zo da safe. Ko ɗaya ba zan ƙara ba, kada ka ce ban faɗa maka ba."

Bakwai ba goma ba ne, amma wanda ya faɗa rijiya ko kaifin takobi aka miƙa masa kamawa yake yi. Othniel ya ari tsanin magina, ya hau da gwiwoyin nan suna ƙara kamar tsohuwar ƙofa. Ya zaɓi rassa arba'in waɗanda ba su yi fure ba bana, ya tsige musu ganye, ya ɗaura wa kowanne yankin tsohon jan ɗankwalin Diana da ya yayyaga tun a gida. Ya sauko da ƙyar, ya yi wa Nwankwo godiya, ya tafi.

Abin da bai yi ba shi ne ya leƙa ofishin shugabar makaranta. Bai ma tuna akwai ofis ba. Mutumin da ya dasa bishiya da hannunsa, wa zai je ya nemi izini? Nwankwo kuwa washegari ya wuce Kano sayen rodi.

Ranar Talata yara suka ɗaga kai neman mangwaro, suka ga tsirarun rassa da jajayen tsummoki suna kaɗawa. Ranar Laraba injin kwaɓa siminti ya ƙi tashi. Ranar Alhamis bulo ya faɗo wa wani lebura a ƙafa. To, me ya rage? Mai gadin makarantar, wanda ya taso a ƙauyen da ake ɗaura irin wannan a gona don ɓarawo ya kumbura, ya rantse cewa wani ne ba ya son ginin ya tashi. Leburori suka ajiye shebur. Iyaye biyu suka zo suka kwashe 'ya'yansu. Shugabar makarantar, Madam Adenike, mace mai tsoron Allah da tsoron iyayen yara, ta tara malamai aka kewaye bishiyar da addu'a da waƙa, aka yayyafa man zaitun. Mai gadi ya hau da adda, ya bi jan ƙyalle ɗaya bayan ɗaya yana sare rassan, bai bar ko guda ba, don shi ma mutum ne mai aiki tsakani da Allah. Aka tara, aka zuba kalanzir, aka ƙyasta ashana. Ranar Juma'a injin siminti ya tashi. Kowa ya ce ai ga shi nan.

Litinin da hantsi Baba Othniel ya iso da jiƙaƙƙen buhu a kafaɗa da wuƙarsa a aljihu. Ya ɗaga kai ya nemi ja, bai ga ja ba. Ya ga dungulmi arba'in. A gindin bishiyar ga toka, ga wani ɗan guntun ƙyalle da wuta ta rage, ya gane zanen ɗankwalin matarsa.

Madam Adenike ta fito daga ofis da sauri, Nwankwo na biye da ita yana ta bayani da hannu biyu.

"Baba, ku ne? Ku ne kuka ɗaura?"

"Ni ne, Madam."

"Yesu! Ai da kun faɗa mana. Mun ɗauka asiri ne. Kwana uku muna azumi a kan tsummokin nan."

"Shekara ashirin da biyu ina ɗaukar faifan tara baikon Lahadi a cocinmu," in ji shi a hankali. "Yau na zama boka."

Mai gadi ya matso yana murza hula. "Baba, a yi haƙuri. Amma ko kai ne ka gani..."

"Ka yi yanka mai kyau," Othniel ya ce masa. Bai faɗa da gatse ba. Ya juya wajen Nwankwo. "Injiniya, wasu bakwai."

"Baba, dubi can." Mai injin yankan itace yana tsugune yana zuba mai. Can gabas kuma sama ta fara haɗa fuska. "Na ba ka abin da nake da shi. Laifina ne da ban faɗa musu ba, na yarda. Amma ba ni da wasu kwanaki. In ta faɗi, ɗebi duk abin da kake so."

Ya buɗe baki zai ce Malama ta ce, sai ya ga ba wanda zai faɗa wa. Ya rufe.

Shekara arba'in da bakwai, inji ya gama da ita kafin shayi ya huce. Kafin ta tafi ya ga kumburin nan a gindinta, taki ɗaya daga ƙasa, inda reshen kakan Malama ya haɗu da ɗan mangwaron gida. Ya so ya dafa, mai inji ya ce ya matsa. Ta faɗi da wata irin ƙara, leburori da yara suka yi caa a kan 'ya'yan, har da Madam Adenike da bokitin ofis. Shi kuma ya shiga cikin ganyen yana lalube da yatsu, yana neman rassa masu ƙwarin kai waɗanda idanunsu ke rufe. Ya yanki talatin, duk masu barci. Ya datse musu ganye nan take, abin da bai taɓa yi ba tun yana ɗan shekara goma sha ɗaya, ya naɗe su a buhu. Wani yaro ya miƙo masa mangwaro ɗaya, ya girgiza kai.

Ya tari keke zai koma Samaru, a shataletalen PZ suka tarar da cunkoso. Wata babbar mota ta mutu a tsakiyar hanya, rana ta buɗe kamar an biya ta. Ya yi ta sayen fiya wata yana fasawa a kan buhun da ke cinyarsa, ruwa na bin wandonsa, matar da ke gefensa a keken tana janye zaninta tana tsaki.

"Baba, kifi ne a ciki?"

"Itace ne."

Ta kalle shi, ta ƙara matsawa.

Sai bayan azahar ya iso Samaru. Ya ware dashe talatin masu kaurin fensir, ya ja su ƙarƙashin rumfar buhu, ya wasa wuƙa. A nan ne ya gane idonsa ya daina ganin bakin yanka sosai. Diana ta rufe kunu ta zo, ta cire tabaraun da take karanta Littafi Mai Tsarki da shi ta maƙala masa, ta tsaya a kansa da laima.

"Ka ci abinci tukuna."

"Za su bushe."

"Kai ma za ka bushe."

Ya ɗauki reshen farko. Ya tsaga, ya fere, ya cusa, ya ɗaure, ya kifa wa kowanne farar ledar ƙanƙara don ta riƙe masa danshi. A na goma sha bakwai hannunsa ya yi rawa, wuƙar ta zame, yankan ya karkace. Ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya gyara shi da ja na biyu, ya karya wata dokar kuma, don ba shi da reshen zubarwa. Diana ta gani, ta kau da kai.

Daga nan sai jira. Hadarin da ya tsorata Nwankwo ya watse, ruwa ya ƙi zuwa, zafi ya zauna daram. Kullum da safe Baba Othniel yakan tsuguna ya ɗaga leda ɗaya-ɗaya. Wanda ya yi baƙi ya yamutse, ya zare shi ya jefa a kwata. A kwana na goma saura goma sha ɗaya. A na goma sha biyar saura biyar. Mai shayi ya lura cewa tsohon ya daina cewa Malama ta ce. In ka tambaye shi abu sai ya ce "ban sani ba", ya ci gaba da jan tiyo. Peculiar, 'yarsu da ke aikin jinya a Kaduna, ta bugo waya ta ce ya bar wahalar nan ya zo ya huta wurinta mako biyu. Ya ce to. Bai je ba.

Nwankwo ya tsaya da motarsa sau ɗaya, ya leƙo ta taga ya ce, "Baba, sun farka?" Othniel ya nuna masa kwata. Ɗan kwangilar ya sayi furanni biyu da ba ya bukata, ya tafi.

A kwana na ashirin da biyu, bayan wani ɗan yayyafi da bai ko kwantar da ƙura ba, ya ɗaga ledoji biyar ɗin. Uku sun bi 'yan'uwansu. Biyu kuwa, a can ƙarshen kai, sun fasa. Wasu 'yan ganyaye ne jajaye-jajaye masu sheƙi, ko farcen jariri ya fi su girma. Ya cire tabaraun Diana ya goge da bakin riga, ya mayar, ya sake dubawa. Ya sassauta musu leda kaɗan. Sannan ya dafa benci ya miƙe a hankali, kamar mai sauke buhun masara.

Ni kuwa ina rumfata na hango, na bar wayoyin mutane na tsallako kwata da gudu.

"Baba! Sun kama? Wayyo, a kira 'yan jarida! A kira Madam ta zo da man zaitun! Malama Winifred ta tashi a rana ta ashirin da biyu! Baba, sai mun yi maka allo a bakin titin nan, mu rubuta sunanka da nata, duk mai wucewa ya cire hula!"

Ya kalle ni ta saman tabarau.

"Toho ne," in ji shi. "Akuya ma tana iya cinye shi gobe. Ɗaga ƙafarka, ka taka min tiyo."